Sikirif ya ce manhaja na aiki, alhali ta mutu tun jiya

Wani ƙanena da ke kula da ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet, a wani shagon kwamfuta nan Sakkwato ya kira ni bayan la'asar. "Yaya, sikirif ɗina kullum cewa yake nginx na aiki, amma shafin ya ƙi buɗewa." Sikirif jerin umarni ne da ake rubuta wa kwamfuta a fayil, nginx kuma manhajar da ke miƙa shafin ga masu buɗe shi. Na ce ya karanto mini layin da ke duba ta. `ps aux | grep nginx`. Bai ƙarasa ba na gane.

`ps aux` na jero ayyukan da ke gudana, grep kuma ya nemo kalma a cikinsu. To shi grep ɗin ma aiki ne mai gudana a lokacin, kuma kalmar nginx na cikin umarninsa. Sai ya ga kansa a jerin, ya ce ya samu. Wasu kan ƙara `grep -v grep`, wasu su rubuta `grep '[n]ginx'`. Duka suna yi, amma ni `pgrep -x nginx` na fi so: in ya samu ya dawo da 0, in bai samu ba ya dawo da 1, kuma abin da `if`, mai gwada sharaɗi a sikirif, ke jira ke nan.

Shi ma pgrep da nasa tarkon. Da `-f` dukan layin umarni yake dubawa, don haka in ka sa wa sikirif ɗinka suna duba-nginx.sh, kanka za ka kama. Da `-x` kuwa, haruffa 15 kacal Linux ke riƙewa na sunan aiki, wanda ya zarce haka ba zai dace ba.

Kuskuren da ya fi cin mutanenmu shi ne dogaro da fayil ɗin PID, wato inda manhaja ke rubuta lambarta idan ta tashi. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, batirin inbata kuma zafin Afrilu ya gama cinye shi, kwamfuta kan mutu ba ta share komai ba. In a cikin foldar mai amfani (home) ka ajiye fayil ɗin, yana nan daram bayan an kawo wuta. Sikirif ya gan shi, ya ce lafiya lau. To ko ka gwada lambar da `kill -0`, mai duba ko akwai aiki mai wannan lambar ba tare da kashe shi ba, ba ka tsira ba, domin Linux kan sake ba wani aikin wannan lambar. Haka kuma in aikin na wani mai amfani ne, `kill -0` zai gaza saboda rashin izini, ka ɗauka ya mutu. Ajiye fayil ɗin a /run, wanda ke sharewa duk sanda aka sake kunnawa, sannan ka leƙa /proc/lambar/cmdline ka tabbatar shi ne.

In systemd, mai kula da tashi da tsayawar manhajoji a Linux, ke tayar da manhajar, ka huta da duk wannan: `systemctl is-active --quiet nginx`.

Na ƙanena dai, da muka gyara layin sai ga nginx a raye, shafin kuma bai buɗe ba. Manhajar da ke bayansa ce ta sanƙare. Yanzu `curl -fsS`, umarnin da ke gwada buɗe shafi, yake aika wa shafin duk minti biyar daga cron, mai gudanar da umarni a kan lokaci, in bai amsa ba a sake tayar da ita.