Koyar da adabi da tarihinsa: inda malaman kolaji da lise suke tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a raba littafi da zamaninsa. Malam ya shigo ranar farko ya cika allo: an haifi marubuci shekara kaza, ya rasu shekara kaza, ga abin da ya faru a duniya lokacinsa. Yara su kwafe cikin kaye. Mako na gaba a buɗe littafin, daga nan kuma ba a sake waiwayar waɗancan shekarun sai ranar jarrabawa. Yaro ya haddace, amma bai san abin da haddar za ta yi masa ba.

Gyaran shi ne a juya tsarin. A fara da shafi, tarihi ya shigo lokacin da shafin ya neme shi. Ɗauki littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani, labarin Sarauniyar Lugu da ta yi tsayayya da rundunar Faransa. A karanta wurin da rundunar Voulet da Chanoine take ƙone garuruwa, sannan a yi shiru a jira. Ba a rasa wanda zai ɗaga hannu: "Mushe, su waɗanda ke harbin duk Turawa ne?" To, yanzu ne lokacin faɗa masa cewa hafsoshin Faransa ƴan ƙalilan ne, masu riƙe da bindigogin kuwa baƙar fata ne da aka ɗebo daga yamma, ga kuma tarin ƴan dako da aka kama da ƙarfi. Amsar da yaro ya nema da bakinsa ba ta saurin fita kansa.

Sai rashin taswira. Da yawa cikin ɗalibanmu suna karanta labarin nan kamar a wata duniya ya faru, alhali ƙarshensa a jiharmu ta Maraɗi aka yi shi. Ba sai an jira taswirar bango daga Yamai ba. Bayan kwali da bik sun isa. A ja layi daga bakin kogin Kwara, a sa Lugu ta wajen Dogon Dutsi inda aka gwabza da Sarauniya a Afrilun 1899, a sa Birnin Ƙonni da aka yi wa kisan gilla a watan Mayu, a gangaro har Dankori kusa da Tasawa inda Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta turo ya dakatar da shi, ranar 14 ga Yuli, sannan Maijirgi, inda sojojin Voulet da Chanoine suka juya musu baya suka kashe su kwanaki kaɗan bayan haka. Ka tambayi ajin ko akwai ɗan Tasawa ko Agye ko Gazawa. Idan akwai, shi zai riƙe alli ya nuna hanyar, ba kai ba.

Kuskure na gaba ya fi waɗannan ɓoyuwa, har ƙwararrun malamai yana kamawa. Kowane littafi irin wannan zamani biyu gare shi: lokacin da labarin ya faru da lokacin da aka rubuta shi. Mu kan koyar da na farko mu manta na biyu. Yaƙin Lugu 1899 ne, littafin kuwa 1980 ya fito. Mai rubutun ɗan jam'iyyar Sawaba ne, ya yi shekaru yana gudun hijira, har Aljeriya ya zauna, ya dawo gida bayan juyin mulkin 1974, ya kuma ɗanɗani kurkuku. Mutumin da ya ga wannan duka, idan ya zauna ya zana mace mai ƙin miƙa wuya, da mutanen zamaninsa ma yake magana. Haka Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa: labarin na zamanin cinikin bayi ne, amma littafin ya fito 1934, daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933 don a samar wa ƴan boko abin karantawa da Hausa. Wa ya nemi a rubuta, don wa aka rubuta, wa ke mulki a lokacin: duk suna cikin darasi. Dabara mai sauƙi ita ce layin shekaru a saman allo da alli kala biyu, fari na labari, ja na marubuci, a bar shi nan har a gama littafin.

Daga nan ne ake faɗawa wani ramin, wato ɗaukar ƙagaggen labari a matsayin tarihi. Za ka ga yaro ya rubuta maganar da marubuci ya sa a bakin Sarauniya kamar an naɗe ta a kaset. A sa su raba shafin kaye gida uku: abin da ya tabbata ya faru, abin da mutane ke faɗa, abin da marubuci ya ƙara. Gardamar da za ta tashi kan inda za a ajiye wani abu ta fi jadawalin kansa amfani, don haka kar a yi saurin raba ta.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, don ya shafe mu kai tsaye. Malami zai koyar da waƙoƙin zamanin jihadi, na Shehu Usmanu ko na Nana Asma'u, sai ya ɗauko bayani daga intanet ko daga littattafan da ake shigowa da su ta Jibiya, ya karanta wa yara yadda yake. Galibin wannan bayani daga ɓangaren Sakkwato aka kalli abin. A cikinsa Maraɗi da Tsibiri sukan fito a matsayin maɓoyar waɗanda suka ƙi bi. Amma yaran da ke zaune gabanka, da yawansu jikokin waɗannan mutanen ne. Katsina ta faɗi hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautarta ya yi arewa har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi. Alƙalawa ta faɗi a 1808. A Gawakuke, 1836, rundunar Muhammadu Bello ta kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda, bayan nan ne Gobirawa suka kafa Tsibiri. Ɗan Baskore, Sarkin Katsinan Maraɗi, wanda sunansa ke bakin kowane ɗan makaranta a garin nan, ya yi ta kai wa Katsina hari a zamaninsa. Wannan ma tarihi ne, kuma yana da adabinsa: kirarin sarakuna, waƙoƙin makaɗan fada, labaran Ƙaura Hasau.

Ba cewa nake a juya a zagi ɗaya ɓangaren ba. A ajin nan akwai Bafulatani, akwai Bakatsine, akwai Bagobiri, wani ma duka ukun ne a jininsa. Abin yi shi ne a ajiye baitoci biyar na waƙar jihadi kusa da kirarin wani sarkin Katsinan Maraɗi, a tambaya: wa ke magana, wa yake yabo, da wane suna yake kiran abokin gaba, me ya yi shiru a kai? Malami ya riƙe linzami, kar darasi ya koma wasan Gobirawa da maƙwabtansu.

Wasu malaman sun gane darajar baka, sai dai suna tura yara hannu rabbana: "Ku je ku tambayi tsofaffi." Washegari a dawo da layi ɗaya, ko a kwafo na aboki. Tsoho ba ya buɗe baki don an ce masa "ba mu tarihi". A shirya tambayoyi uku ƙanana tun daga aji, a koya musu sallama da gaisuwa da neman izini kafin a kunna waya. Ambaliyar Gulbi ta 1945, wadda ta cinye tsohon garin Maraɗi ta sa aka hawo tudu, wuri ne mai kyau na gwaji, don waɗanda suka gan ta suna yara ko suka ji daga iyayensu ba su ƙare ba. Yarinya ta durƙusa ta ce, "Kaka, ina gidanmu yake kafin a hawo nan? Me kuka fara ɗauka da ruwa ya zo?" Irin wannan tambaya ce ke jawo labari, har da waƙa wani lokaci. A rubuta unguwar mai bayani da kimanin shekarunsa. Idan bayanin gida biyu ya saɓa, kar a goge ɗaya. A kawo su aji a auna.

Akwai ƙananan kurakurai da ba sa buƙatar dogon bayani. Fotokopin taƙaitawa shafi goma bai kai shafi biyu na ainihin littafin ba, ko da benci guda ne zai raba takarda ɗaya. Fim ba a kunna shi dukansa a kwamfuta ɗaya gaban aji cike maƙil. Minti goma sun isa, tare da tambaya a allo, kuma a faɗa musu cewa fim ɗin Med Hondo na 1986 a Burkina Faso aka ɗauke shi, ƙasar da suke gani ba ta Lugu ba ce. Abin da aka tura ta WhatsApp kuma a tuna ba kowa ke da waya ba, musamman ƴan ƙauye masu zama gidan dangi. Hana Hausa a lokacin muhawara ma asara ce: a bar su su tafka gardamar da harshen da suke tunani da shi, sannan su zauna su rubuta da Faransancin da jarrabawa ke nema.

Jarrabawar kanta takan rushe duk abin da aka gina. Idan ka shafe wata biyu kana haɗa littafi da zamaninsa, sannan ka tambayi shekarar haihuwar marubuci, yara za su gane abin da kake ba maki, su koma hadda. Ka ba su sakin layi ɗaya daga littafin, ka ce su nuna abu guda da ya fito daga 1899, abu guda da ya fito daga 1980, su kuma kawo jimlar da ta sa suka ce haka.