Gyaran gidan ƙauye da lambun bayan gida: kurakuran da aka fi yi

Da zarar an kai gero da dawa rumbu, sai hankalin magidanta a ƙauyukan Kano da Jigawa ya koma kan gyaran gida. A daidai lokacin ne kuma ake dashen tumatir, albasa da salak, domin sanyin hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi suke so. Sai ayyukan biyu su haɗu a fili guda, alhali danshin da lambu ke nema kullum shi ne ke cin katangar ƙasa. Daga nan yawancin ɓarnar take tasowa.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yin fangali a jikin katanga. Na san dalilin: akwai inuwa, kuma awaki ba sa isa wurin. Amma ruwan da ake zubawa safe da yamma yana tsumawa zuwa gindin bango, tubali ya yi ta tsotsa. Ka durƙusa ka duba kamu biyu daga ƙasa, za ka ga wani farin gishiri-gishiri ya fito, yaɓen ya kumbura, in ka danna da yatsa sai ƙasa ta zubo. Danshin kuma yana kiran gara, ta bi cikin bango ta hau har azara. Irin wannan katanga ba ta faɗuwa da rani, sai ruwan Agusta ya zauna, sau da yawa cikin dare mutane na barci. A ambaliyar 2022 gidajen ƙasa masu yawa sun rushe a Jigawa, kuma bangon da gindinsa ya riga ya ruɓe ba ya jure ko rabin wannan. A janye fangali aƙalla mita biyu daga bango, a yi daɓe mai gangare a tsakani yadda ruwa zai gudu ya bar ginin.

Sai batun siminti. Magini zai ce maka, "Alhaji, a shafa masa siminti kawai ka huta da yaɓe duk shekara." Maganar tana da daɗin ji, sai dai siminti ba ya kama ƙasa da kyau, kuma ba ya barin danshi ya fita. Zafin bazara ya tsaga shi, ruwa ya shiga ta tsagar ya maƙale a baya, bango ya yi ta narkewa kai kana ganin fuskarsa sumul. In ka ƙwanƙwasa ka ji amon rami, aikin ya riga ya lalace. Bangon ƙasa, yaɓen ƙasa yake so, wanda aka kwaɓa da ciyawa aka bar shi ya tsumu. Iyayenmu suna gama shi da makuba ta ɓawon ɗorawa ko katsin marina don ruwa ya zame, kuma har yau akwai dattawan magina da suka iya. In akwai kuɗin siminti, gara a kashe shi a harsashi: a ɗora bulo ko dutse layi biyu zuwa uku, ginin ƙasa ya hau kai.

Wurin kwaɓa simintin ma abin lura ne. Lebura ba ruwansa da alayyahunka. Inda ya ga fili kusa da ruwa nan zai kwaɓa, nan zai wanke shebur da baro. Ruwan siminti yana da kaifi, yana ƙona saiwa, ƙasar ta daskare, ganye ya koma ruwan ɗorawa ko da an zuba taki. Tun ranar farko a nuna musu wuri nesa da lambu, a shimfiɗa tsohon kwano ko leda mai kauri, a haƙa ɗan rami na ruwan wanki. Inda abin ya riga ya faru, a kankare ƙasar saman a fitar, a cike da wata haɗe da ruɓaɓɓen taki.

Wasu kuma a cikin lambun suke haƙar ƙasar tubali. Asara biyu ke nan: baƙar ƙasar sama, wadda aka yi shekaru ana ciyar da ita da toka da kashin awaki, ba ta yin tubali mai ƙarfi, lambun kuma ya rasa ta. Ramin da aka bari ya zama kududdufin sauro a bayan ɗaki. Tsohon bangon da aka rushe ana iya jiƙa shi a sake buga tubali. Ɓaraguzan da ke da fentin mai dai kada su shiga lambu, domin tsohon fenti kan ƙunshi gubar dalma, yara kuma a nan suke wasa.

Mai sauya rufin soro zuwa kwano yakan manta da inda ruwan zai sauka. Lissafin ba wuya: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Ɗaki mai mita 4 da 5, in aka yi ruwa milimita 30, zai zubo da lita 600, wato duro uku, cikin ɗan lokaci. In ya faɗa kan kuɓewa da yakuwa ya tumɓuke su, in ya faɗa gindin bango ya zaizaye shi. A fito da bakin kwano sosai, a sa indararo ya kai ruwan cikin duro mai murfi, rarar kuma a yi mata magudana zuwa waje ba tare da an tura wa maƙwabci ba.

Sabon masai ya yi nesa da rijiya kamar mita 30, kuma ya kasance ta gangare, musamman a yankin Haɗeja da Auyo inda ruwa ke kusa. Ruwan wanka a ba zogale ko gwanda, ban da salak da ake ci ɗanye.

Kafin a fasa katanga, a kewaye lambun da zana ko darni, don akuya ɗaya ta isa ta cinye wahalar wata biyu kafin azahar. Irin da ake reno kuma a zuba shi a buhuna ko tsofaffin robobi, in aiki ya matso a ɗauke su gefe. Yaɓe da rufi a kammala su kafin ƙarshen Afrilu, bango ya bushe sarai kafin ruwan farko.