Yadda za ki ji daɗin littattafan soyayyar Kirista na zamanin da

Idan kin saba da littattafan soyayyarmu na Kano inda tun shafi na goma saurayi ya fara sintiri ƙofar gida yana turo saƙo a waya, to ranar da kika ɗauki littafin soyayyar Kirista na tarihi sai kin ce wai mutanen nan yaushe za su fara ne? Kin ci babi shida ko hannu ba su riƙe ba, ita tana murza kullun burodi shi yana can yana gyara shingen gona. Kar ki ajiye fa. Daɗin gaba ɗaya a wannan jan ƙafar yake, sai dai akwai yadda ake karantawa. (Maza ma suna karantawa, ɓoyewa kawai suke yi.)

Ki fara da zaɓen zamani kafin marubuci. Yawancinsu da Turanci ake rubuta su kuma Amurka ce cibiyar kasuwar, don haka labaran na yawan faruwa ne a yammacin Amurka na ƙarni na 19, lokacin da mutane ke ɗaure kayansu a keken doki suna nausawa daji neman gona, ko lokacin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865, ko kuma Ingila ta wajen 1811 zuwa 1820 mai gidajen attajirai da rigimar gado. Ni dai shawarata sabon shiga ya fara da na yammacin Amurka, Turancin ya fi sauƙi kuma rayuwar noma da rijiya da jiran damina ba baƙuwarmu ba ce.

Daga nan ki ɓata minti goma a intanet ki duba tarihin lokacin, wannan shi ne abin da mutane ke tsallakewa sai su ce labarin ba ma'ana. Misali a 1862 gwamnatin Amurka ta yi dokar da ke bai wa mutum eka 160 kyauta in ya zauna a wurin ya noma ta shekara 5. Eka 160 fa, mutum ɗaya, maƙwabci mafi kusa sai an yi tafiya mai nisa, ga sanyin hunturu mai kisa. Mata kuma sun yi ƙaranci a can, shi ya sa maza ke sa talla a jarida suna neman matar aure, a yi ta musayar wasiƙa har ta hau jirgin ƙasa ta zo ta auri wanda ba ta taɓa gani ba. In kin san wannan, ba za ki yi mamakin bazawarar da ta amince da auren baƙo kwana ɗaya bayan binne mijinta ba, yunwa da sanyi ne suka ɗaura auren, soyayyar daga baya take tsirowa a hankali kamar shuka. Irin labarin da Janette Oke 'yar Kanada ta fitar kenan a 1979 a Love Comes Softly ta kamfanin Bethany House, littafin da ya buɗe wa wannan salon kasuwa sosai.

Sai ɓangaren addini. A waɗannan littattafan mutum uku ne a soyayyar, ita da shi da Allah, kuma sau da yawa abin da ya raba masoyan ba kishiya ba ce ko uwar miji, wani ciwo ne a zuci, ɗaya ya daina addu'a tun da aka yi masa rasuwa, ko ɗaya ya kasa yafe wa kansa wani laifi. Don haka in kin zo wurin da jarumar ta durƙusa tana addu'a ko fasto na wa'azi a coci kar ki yi tsalle ki wuce, nan ne labarin ke juyawa. Marubuci mai hannu yana saƙa shi cikin labarin har ba ki ji, mara hannu kuma sai ya tsayar da komai ya yi miki huɗuba shafi uku, irin wannan kam ko ni tsallakewa nake.

Zai taimaka in kin san labarin Littafi Mai Tsarki da aka ɗora littafin a kai. Redeeming Love na Francine Rivers da ya fito a 1991 labarin annabi Hosiya ne da matarsa Gomer, aka ɗauke shi aka kai Kalifoniya lokacin rububin zinariyar da ya ɓarke a 1848. Littafin Hosiya babi 14 ne kacal, uku na farko ma sun ishe ki, karanta su tukun sai ki ga dalilin da mijin ke ta komawa yana dawo da matar da ke gudu. Amma wannan ba na yara ba ne, akwai karuwanci da cin zarafi a ciki, kar ki ga an ce na Kirista ki miƙa wa ƙanwarki 'yar firamare.

Ƙarshen kuwa kin riga kin sani, za su yi aure ko su so juna, to ki daina leƙa shafin ƙarshe, ki zuba ido kan ƙananan abubuwa, ranar da ya fara kiran sunanta, ranar da ta ajiye masa abinci da zafinsa.

Abu ɗaya dai ki riƙe, wasu marubutan suna wanke tarihi tas. Gonar nan ta kyauta ƙasar 'yan asalin Amurka ce da aka kora, kuma manyan gidajen jihohin kudu na Amurka bayi ne suka gina su. In littafi ya wuce wannan shiru kamar ba a yi ba, ki nemi wani marubucin a karo na gaba, a Kindle, manhajar karanta littattafai ta Amazon, ana ba da farkon littafi kyauta ki ɗanɗana kafin ki biya, masu sayar da littattafan gwanjo da shagunan littattafai na coci ma ba a rasa su.