Yadda ake tatso antioksidan daga ganyen magani ba tare da zafin Sudan ya cinye aikin ba

Duk shekara, da 'yan ajin ƙarshe sun fara bincike, sai in ga an shigo ma'amal, wato ɗakin gwaje-gwaje, da leda cike da ganyen da ya riga ya koma ruwan ƙasa, ana tambaya: "Malam, itanol za mu zuba ko metanol?" Ƙannena, ganyen da ya kai wannan kalar, ko me kuka zuba masa kun makara. Da yawan masu tambayar yaranmu ne na Gadarif da Sinnar da Mai Wurno, shi ya sa na rubuta da Hausa. Zan yi misali da zogale don yana ko'ina, kuma an san ganyensa na ɗauke da kwasetin da kamferol, waɗanda antioksidan ne, wato sinadaran da ke rage ɓarnar da oksijin ke yi wa ƙwayoyin jiki, amma hanyar ɗaya ce ga magarya da lalle da gwaiba da hargal.

Ku tsinka da sassafe, ganye lafiyayye, ba na bakin titi ba. Ku ware reshe ɗaya mai fure ko 'ya'ya ku kai wa masanin tsirrai ya tabbatar da sunan kimiyya, don ranar kare bincike za a tambaya. A ɗauraye, a kakkaɓe ruwan sosai.

Shanya ita ce wurin da ni kaina na faɗi har sau biyu. Karon farko a Madani ne, cikin watan Mayu. Na baza zogalen a tabarma tsakar gida, yadda iyayenmu ke shanya kuɓewa, kafin la'asar ya bushe ƙayau, ina ta murna na rage kwanaki. Da aka zo gwaji, abin da na samu ya yi rauni har malamina ya ɗauka na yi kuskuren awo. Hasken rana da zafinta sun lalata rabon da nake nema tun kafin ya ga kwalba. Karo na biyu na gudu daga rana, na tara ganyen da danshinsa a ɗakin kwano na rufe ƙofa. Wannan ya fi na farko muni. Ganyen da aka murza ko aka tara jiƙe yana da wani inzayim da ke haɗa sinadaran finol da iskar oksijin, irin abin da ke sa yankakken dankali ya yi duhu, kuma finol ɗin nan su ne galibin antioksidan ɗin da kuke nema. Kwana biyu ganyen ya yi baƙi-baƙi, ƙasan tarin har ya fara funfuna.

Abin da ya yi mini aiki, kuma shi nake sa kowa ya yi, shi ne angarib, wato gadon igiya, a ƙarƙashin rakuba, wato rumfa. Ku shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan igiyoyin, ku baza ganyen sirara yadda ba wanda ya hau kan wani, iska na shiga ta sama da ta ƙasa. A juya safe da yamma. Ku lulluɓe da gidan sauro saboda ƙuda da kaji, in kuma kun ga habub, wato guguwar ƙura, ya taso ku ɗauke angarib ɗin ku shige ɗaki, don ƙurar za ta ƙara wa garinku nauyin ƙarya ta ɓata lissafi. Da rani kwana uku zuwa biyar sun isa, da damina yakan fi haka. Ku lura, littattafan waje da ke cewa a shanya a inuwa suna nufin ɗaki mai digiri 25. Inuwarmu a watan Afrilu da Mayu takan wuce 40, don haka ku nemi gefen da iska ke kaɗawa, nesa da kwano. Mai tanda ta ma'amal ya sa ta a 40. Wasu na kaiwa 50, ni ban yarda ba. Ganye ya yi idan ya murmushe a hannu amma yana nan kore, kuma awon yau da na gobe sun zo ɗaya.

Niƙa ba wuya, sai dai injin markaɗe na ɗaukar zafi. Ku kunna ɗan lokaci ku kashe, ku sake. A tankaɗe, a zuba a kwalba mai duhu.

Sai jiƙo. Giram 50 na gari, mililita 500 na itanol mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, wato ɗaya bisa goma. In naku mai 96 ne, ku auna mililita 730 ku cika da tataccen ruwa har lita ɗaya. Ruwan nan ba don tattali ake sa shi ba, gaurayen ya fi tsantsar itanol jawo finol. Metanol ma yana tatsa da kyau, amma guba ne, yana makanta mutum, kuma ban ga dalilin ɗaukarsa ba in daga baya za ku bai wa ɓeraye abin da kuka samu. Sibirton kantin magani, wato barasar goge rauni, kuwa ku bar shi can. Na san itanol na ma'amal ya yi tsada kuma samunsa sai da takarda, amma wancan sau da yawa gauraye ne da ba ku san me ke ciki ba. Gara ku haɗa kuɗi ku uku ku sayi na gaske.

A toshe kwalbar, a naɗe ta da takardar alminiyam, a ajiye wuri mai sanyi awa 72 ana girgizawa safe da yamma. A tace da ƙyalle mai laushi, sannan da takardar Whatman lamba 1. Kada ku zubar da dusar, ku sake jiƙa ta awa 24 sau biyu ku haɗa ruwan.

Za ku ji ana yabon Soxhlet, na'urar gilas da ke tatsa ta hanyar tafasa itanol yana ta zagayawa cikin garin. Tun 1879 aka ƙera shi, kuma don fitar da mai aka yi shi. Itanol na tafasa a digiri 78, abin da kuka tatso zai zauna cikin tafasar nan awanni. Bayan wahalar kare ganye daga rana, ban ga hikimar dafa shi ba. In ma'amal ɗinku na da kwandon ultrasonik, wato kwandon ruwa mai girgiza abu da igiyar sauti, minti 30 a ciki na rage muku kwanakin jiƙo, amma ruwansa na ɗumama, ku riƙa jefa ƙanƙara.

Ƙafar da ruwan a rotari, wato na'urar da ke juya kwalba tana janye itanol, digiri 40. In babu, ko wuta ta ɗauke kamar kullum, a zuba a faffaɗan farantan gilas a ɗaki mai duhu da iska ke ratsawa, kada ashana ta kusanci wurin. Za a bar muku danƙo kore mai duhu. Ku auna: giram 6 daga giram 50, misali, kashi 12 ke nan. A firij, digiri 4.

Gwajin DPPH shi ne na auna ƙarfin antioksidan: ruwan sinadarin DPPH, shuɗi mai ja-ja, yakan koma rawaya gwargwadon ƙarfin abin da kuka tatso. Ku haɗa sabo ranar gwajin, minti 30 a duhu, a karanta a nanomita 517, kowane awo sau uku, bitamin C a gefe don kwatantawa. In ruwan naku ya yi kore sosai, ku karanta shi shi kaɗai ba DPPH ku cire adadin daga sakamakon.