Idan magunan maƙwabta sun addabe ku a Ingila

Sababbin zuwa Ingila, musamman waɗanda Allah ya ba gida mai ɗan fili a baya, ku shirya haɗuwa da maguna. Za ka leƙa ta tagar kicin da safe ka ga wata ƙatuwa a kan katanga tana kallonka ko gezau, anjima ta diro ta tone inda uwargida ta shuka alayyahu ta yi kashi ta rufe, in kuma kuna da kare toh shi ne zai fi kowa shan wahala. Kafin ranka ya ɓaci ka nemi dutse, tsaya ka ji.

A nan mage tana da 'yancin yawo, ba a tilasta wa mai ita ya kulle ta ba, don haka shigarta gidanka ba abin kai ƙara ba ne. Amma kai in ka cutar da ita ka jawo wa kanka. Dokar kula da dabbobi ta 2006 ta haramta azabtar da dabba, kuma tun 2021 hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 5. Jifa, danƙo, watsa ruwan zafi, balle guba irin shinkafar ɓera, duk a manta da su. Kar kuma wani ya ce bari ya jefa ta a buhu ya kai ta nesa ya yar, tun 2024 ɗauke mage ko karen wani laifi ne mai zaman kansa, ga shi a shekarar ne aka wajabta saka wa maguna wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata mai lambar da za ta kai ga mai ita. Gidaje da yawa akwai kyamara a ƙofa, ƙungiyar RSPCA mai yaƙi da zaluntar dabbobi kuma waya ɗaya ake buga mata, kai da kake zaune da biza ba ka buƙatar sunanka a takardar kotu. Mu da muka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage ai ba sai Bature ya tuna mana ba. Masu cewa baƙar mage da daddare ba mage ba ce, don Allah a kwantar da hankali, ta gida mai lamba kaza ce, har suna gare ta.

Yawanci mu ne muke gayyato su ba mu sani ba. Ƙashin kaza da ragowar miya da aka ajiye a bayan gida, ledar shara a ƙasa maimakon cikin bola mai murfi, gashin nama ranar Sallah a bar wurin ba a wanke ba, wannan har dila yake jawowa ba mage kaɗai ba. Ka fara da nan. Sannan mage tana son ƙasa busasshiya mai laushi don ba-haya, sai ka shimfiɗa ragar waya ko tsakuwa a kan shukar, ka riƙa jiƙa ƙasar da ruwa, ka watsa ɓawon lemo don mage ba ta son warinsa, sai dai ruwan saman ƙasar nan ba ya barin ya daɗe. Abin da ya fi aiki a ganina shi ne famfon nan da ke fesa ruwa da kansa in ya ji motsi, ba ya ji mata ciwo kuma ba ta mantawa. Kafur kam kar a zuba, guba ne ga mage da kare har da yara. Mai juna biyu kuma kar ta kwashe kashin mage da hannu, akwai cutar da ke iya taɓa abin da ke cikinta, maigida ya sa safar hannu ya yi.

Yanzu maganar kare. Na san da yawanmu ba ma ajiyewa, amma akwai waɗanda yara suka matsa, akwai masu aure da 'yan ƙasa, kuma in ka ɗauka to amana ce. Mutanenmu suna dariya wai kare da tsoron mage, alhali magunan nan ba kyanwar Lami ba ne, suna yaƙushi sosai kuma hanci da ido suke nema. Karen da aka taɓa yaga wa hanci za ka ga ya tsaya a bakin ƙofa ya cusa jela tsakanin ƙafafu, kunnuwa a kwance, yana lasar baki yana rawar jiki, ya ƙi fita har ya saki fitsari a falo. Kar ka dake shi, kar ka ja shi da ƙarfi, tsoron ƙaruwa zai yi. Kai ka fara fita ka tafa hannu magen ta gudu, sannan ka fito da shi da igiya ka tsaya tare da shi. In ya hango mage daga nesa bai firgita ba ka miƙa masa ɗan nama nan take, gobe ma haka, a hankali kuna matsawa kusa, abin yana ɗaukar makonni. In ta taga yake ganinsu yana haushi a sauke labule, don haushin da ya yi yawa maƙwabta suna iya kai ƙara hukumar unguwa. Na'urar nan mai ƙarar da mutum ba ya ji wadda ake sayarwa don korar mage, kare yana jin ta, ba ta dace da gidan mai kare ba. In ka ga yana runtse ido ɗaya ko yana hawaye, ranar za a kai shi likitan dabbobi ba gobe ba. Kuma kar ka zuga shi ya kama mage, in ya ji mata rauni kai za a tuhuma.

Mai magen ma a je a same shi da fara'a, yawancinsu za su ba ka haƙuri, wasu ma su yarda su riƙa tsare ta a lokutan da karenka yake fita. In kuma za ka ƙara tsawon katanga, a bayan gida har mita 2 galibi ba sai da izinin hukuma ba, amma ɗan haya sai ya tambayi mai gidan tukuna, a rubuce.