Babi na Tara: Yadda Ake Ƙera Ƙaramar Tirelar Kwana

Darasi na 1: Abin da za mu ƙera

Tirelar da za mu koya a wannan babi ɗan ƙaramin ɗakin kwana ne mai taya biyu, wanda ake ɗaura shi a bayan mota a ja. Idan aka dube ta daga gefe, gabanta yana da tudu a zagaye, bayanta kuma yana gangarowa har ya tsuke, kamar ɗigon hawaye. A cikinta akwai wurin kwanciyar mutum biyu, ba a iya miƙewa tsaye, sai dai a zauna ko a kwanta. A can bayanta akwai murfi da ake ɗagawa sama, kuma a ƙarƙashinsa ne ake ajiye kayan girki, mai girkin yana tsaye a waje. An fara yayin irin wannan tirela a Amurka a shekarun 1930, ta kuma ƙara yaɗuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da mujallu suka riƙa buga zanenta domin mutane su ƙera a gidajensu.

Tamu za ta kasance mai tsawon santimita 244 da faɗin santimita 122, wato ƙafa 8 da ƙafa 4. An zaɓi wannan awo ne domin shi ne girman fallen filawud guda ɗaya, don haka falle ɗaya zai zama daɓe, falle ɗaya bangon dama, falle ɗaya bangon hagu. Za ku buƙaci filawud mai kaurin milimita 18 falle uku, da filawud siriri mai kaurin milimita 3 domin rufi, da sandunan katako, da gam ɗin katako wanda ruwa ba ya narkar da shi, da ƙusoshi masu zare, da zarto, da na'urar huda, da sukwaya, wato ma'aunin da ke nuna ko kusurwa ta miƙe daidai, da fensir, da tef ɗin awo. Kada yawan kayan ya firgita ku. Wanda ya iya riƙe fensir ya rubuta sunansa a wannan aji zai iya ja layi a kan katako.

Darasi na 2: Tef ɗin awo da awon gicciye

Ku ɗauko tef ɗinku ku jawo shi, ku dube shi da kyau. Yawancin tef yana da lambobi iri biyu, inci a gefe ɗaya, santimita a ɗaya gefen. Mu da santimita kaɗai za mu yi aiki a wannan babi, saboda haka ku nemo gefen da lambobinsa suka fi kusa da juna, ku tsaya a kansa. Tsakanin kowace lamba da mai bi mata akwai ƙananan gurabe goma, kowanne shi ne milimita ɗaya. Idan tef ya juya muku ƙasa a sama, lamba 6 za ta yi kama da 9, don haka ku duba lambar da ke gabanta da wadda ke bayanta kafin ku yarda da abin da idonku ya gani. A bakin tef akwai 'yar ƙugiyar ƙarfe da ke motsi kaɗan. Ba lalacewa ta yi ba, da gangan aka yi ta haka domin awo ya fito daidai ko an rataya ta a bakin katako ko an tokare ta da bango. Na sha ganin ɗalibi ya sa guduma ya danne ta don ta daina motsi, da hakan kuwa ya ɓata tef ɗinsa.

Yanzu sai shasi, wato ginshiƙin ƙarfen da dukkan ɗakin zai zauna a kansa. Ko ku sayi wanda aka riga aka ƙera, ko ku ba mai walda wanda ya ƙware ya haɗa muku. Kada wanda bai iya walda ba ya koya a kan shasi, domin ran mutane ne a kan hanya. Abin da ya rage naku shi ne ku tabbatar kusurwoyinsa huɗu sun miƙe daidai, kuma hanyar tabbatarwa ita ce awon gicciye.

Ga yadda ake yi. Ku sa alli ku rubuta harafi a kowace kusurwa: A a gaba ta hagu, B a gaba ta dama, C a baya ta dama, D a baya ta hagu. Mutum ɗaya ya riƙe ƙugiyar tef a kan A, ɗayan ya ja tef ɗin ya ratsa tsakiya zuwa C. Ku karanta lambar, ku rubuta ta a takarda. Sannan ku mayar da ƙugiyar kan B, ku ja zuwa D, ku karanta, ku rubuta a ƙarƙashin ta farko. Idan shasin ya miƙe, lambobin biyu za su zo ɗaya, kuma ga shasi mai 244 da 122 za su kasance kusan santimita 273. Idan bambancinsu bai wuce milimita 3 ba, ku ci gaba da aiki. Idan ya wuce, shasin ya karkace.

A nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe, don haka mu sake. Daga A zuwa C. Daga B zuwa D. Ba daga A zuwa D ba, domin wannan tsawon gefe ne kawai, kuma gefe biyu suna iya zuwa daidai alhali shasin a karkace yake. Tef dole ya ratsa ta tsakiya, idan da za a bar tef biyu a shimfiɗe sai su yi alamar gicciye. Ku kula kuma da inda kuke ɗora ƙugiya: idan a bakin waje na ƙarfe kuka ɗora ta a awon farko, a bakin waje za ku ɗora ta a na biyu. Ku ja tef ya miƙe sosai, kada ya yi ciki a tsakiya. Ku rubuta lambar nan take, kada ku ce za ku riƙe ta a ka.

Idan lambobin sun saɓa, ku nemo wadda ta fi girma. Kusurwoyi biyun da suka ba da babbar lamba su ne za a matso da su kusa da juna. A ce A zuwa C ta ba da 274, B zuwa D ta ba da 272, sai a tokare C a tura A wajenta a hankali, a sake aunawa, a sake turawa, har duka biyun su tsaya a 273. Ana yin wannan ne tun mai walda ya ɗiga walda kaɗan a kusurwoyi, ko tun notuna ba su ɗauru tamau ba. Bayan an gama walda ku sake aunawa, domin zafi yana jan ƙarfe. Wanda bai samu daidai a karon farko ba kada ya ji kunya, kowa haka ya fara, hannu da ido sai a hankali suke sabawa.

Aksul, wato sandar ƙarfen da tayoyi ke juyawa a bakinta, ba a tsakiyar shasi ake sa ta ba, ana ja da ita baya, kimanin santimita 90 daga ƙarshen shasin, saboda nauyin da zai sauka a kan maɗauri, wato inda ake haɗa tirela da mota, ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela gaba ɗaya. Idan gaba ya yi rashin nauyi, tirela za ta riƙa kaɗa wutsiya a kan titi. Ita ma aksul ana auna ta sau biyu: daga bakin maɗauri zuwa ƙarshenta na hagu, daga bakin maɗauri zuwa ƙarshenta na dama. Lambobin su zo ɗaya, in ba haka ba tirela za ta yi tafiya a kaikaice ta cinye taya.

Darasi na 3: Daɓe

Kafin ku ɗora daɓe, ku shafe fuskarsa ta ƙasa da bakunansa huɗu da fenti mai hana ruwa shiga, shafi biyu ko uku, domin da zarar an ɗaure shi hannu ba zai ƙara kaiwa can da sauƙi ba. Bakin filawud ya fi ko'ina shan ruwa, kuma daga nan ruɓa take farawa.

Ku ɗora fallen a kan shasi, amma kada ku huda ko rami ɗaya tukuna. Ku ɗauko tef. Daga A zuwa C, ku rubuta. Daga B zuwa D, ku rubuta. Na san wani zai ce ai mun auna jiya. Jiya ƙarfe kuka auna, yau katako ne, kuma ba kowane falle ne yake fitowa daga masana'anta a miƙe ba. Na gaji da ganin manya masu hankali, waɗanda suka yi haƙurin koyon karatu da girma, suna ƙyashin ɗan lokacin da awo zai ci, sannan su zo daga baya suna cewa murfin baya ya ƙi rufuwa. Murfin ba shi da laifi. Tun ranar da aka ɗora daɓe ba tare da awon gicciye ba aka ɓata shi, domin milimita biyar a ƙasa tana zama gibin da yatsa zai shiga idan aka kai sama. Duk wanda ya zo aji da takardar da babu lambobi biyu a kanta, zai koma ya auna kafin a saurare shi.

Idan kuna son ƙarin tabbaci a kan kusurwa guda, ku auna santimita 60 daga kusurwar a gefe ɗaya ku sa alama, ku auna 80 a ɗaya gefen ku sa alama, tsakanin alamun biyu dole ya zama 100 cif. Bayan haka sai ku huda, ku ɗaure daɓen da shasi da notuna, kowanne da wosha a ƙarƙashinsa.

Darasi na 4: Bangaye

Ku zana siffar tirelar a kan falle ɗaya. Domin lanƙwasa ta fito sumul, ku kafa ƙananan ƙusoshi a inda layin zai bi, ku jingina siririyar sanda mai lanƙwasuwa a jikinsu, ku bi ta da fensir. Sannan ku haɗa fallen biyu, kyakkyawar fuska tana kallon kyakkyawar fuska, ku matse su, ku yanka su tare a lokaci ɗaya domin su fito iri ɗaya. Zarto yana cin kimanin milimita 2 zuwa 3 na katako, don haka ku yanka ta wajen layi, a ɓangaren da za a zubar, ku bar layin fensir yana nan. Ku rubuta HAGU a kan ɗaya, DAMA a kan ɗayan, da manyan baƙaƙe. Ƙofa ta kasance a gaban taya, yadda mutum zai zauna a bakinta ya juya ya kwanta.

Ku tsayar da bangon da gam da ƙusoshi masu zare, ku jingina sukwaya a tsakanin daɓe da bango. Sannan ku tsaya a gaban tirelar ku yi abin da kuka sani: daga ƙasan bangon hagu zuwa saman bangon dama, daga ƙasan bangon dama zuwa saman bangon hagu. Lambobi biyu, a takarda. Ku koma baya ku maimaita. Sai sun zo ɗaya za ku kafa sandar da za ta riƙe su, kuma ku yi hakan tun gam bai bushe ba.

Darasi na 5: Rufi

Ku gitta sandunan katako daga bango zuwa bango, tazarar kimanin santimita 30, ku ƙara matso da su a inda lanƙwasa ta yi tsanani. Duk sandunan tsawonsu ɗaya ne, ku yanka su a jere. Filawud siriri ya fi lanƙwasuwa ta ɓangare ɗaya, ku gwada da hannu kafin ku yanka. Ku fara mannawa daga ƙasan gaba kuna hawa sama a hankali. Ku bar gurbin tagar iska a rufi, domin ɗakin ƙarami ne kuma masu barci suna buƙatar iska. A waje ana lulluɓe rufin da fallen alminiyam, ko kuma da yadi mai kauri da aka manna da gam aka bi shi da fenti shafi da yawa. Duk inda ƙusa ta shiga a toshe shi da gam mai hana ruwa.

Darasi na 6: Murfin baya

A yanka haƙarƙarin murfin bisa lanƙwasar bango, a bar ɗan gibi a kowane gefe domin robar da za ta hana ruwa da ƙura. Doguwar hinji guda ɗaya ce take riƙe shi daga sama. Ku auna gicciyen bakin da murfin zai rufe, ku auna gicciyen murfin kansa. Wanda ya bi darasi na 2 da na 3 ba zai sha wahala a nan ba.

Darasi na 7: Wuta

A ja wayoyi tun ba a rufe rufi ba. Fitilun ciki suna aiki da batir mai ƙarfin wuta volt 12, kuma a sa fiyus kusa da batir ɗin. Fitilun birki da na sigina a haɗa su da na mota, a kira mai gyaran wutar mota ya duba. Ba a kunna risho ko gawayi a cikin ɗakin kwana, hayaƙinsu yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Darasi na 8: Kafin a hau titi

Ku loda kaya, ku ɗora bakin maɗauri a kan sikeli. Idan tirela ta kai kilo 500, sikelin ya nuna tsakanin 50 da 75. Ku gitta sarƙoƙin tsaro biyu a ƙarƙashin maɗauri, ku duba iskar taya da notunanta, ku nemi rajistar da dokar ƙasarku ta tanada. Tafiyar farko ta zama gajera kuma a hankali, idan an dawo a sake ɗaure notunan taya.