Shawara kan zakkar hatsi a wannan kaka

Jama'a, tunda an shiga girbin gero da dawa, ina ba da shawarar mu ware zakka tun a masussuka, domin hatsin da ya riga ya shiga rumbu fitarsa wuya take yi. Wanda amfaninsa ya kai nisabi, wato sa'i 300, zai fitar da ɗaya bisa goma idan noman damina ne, ko ɗaya bisa ashirin idan da inji ya yi ban-ruwa. Waken sadaka da muke tara wa marayun unguwa kuwa, a shanya shi ya bushe ƙayau, a zuba a buhun PICS, wato buhun ajiya mai leda biyu a ciki da ke hana iska shiga, a ɗaure kowace leda daban, kada ƙwari su mayar da shi gari kafin bazara.